Tangarɗa ɗaya, rahoto uku: ɗabi'ar da ke cika rajistar Java da shara

Tun da masu rubuta manhaja suka koma kwafo aiki daga ChatGPT da Copilot ba tare da karantawa ba, wata tsohuwar ɗabi'a ta samu gindin zama a Java, harshen rubuta manhaja: a cafke kowace tangarɗa, wato kuskuren da ke tasowa yayin da manhaja ke aiki, da catch (Exception e), a zuba ta a rajista, inda manhaja ke rubuta abin da ya faru, da log.error, a sake jefa ta sama cikin RuntimeException. Masu yi suna kiran wannan taka-tsantsan. Ni a wurina aikin baban giwa ne.

A ɗauki manhajar biyan kuɗi mai hawa uku: na ƙasa yana magana da rumbun bayanai, na tsakiya yana lissafi, na sama yana karɓar buƙatu daga waje. Rumbun ya katse, SQLException ta taso. Na ƙasa ya rubuta ya jefa. Na tsakiya ya rubuta ya jefa. Na sama ma haka. Matsala ɗaya ce, amma sawunta, wato jerin layukan manhajar da ta bi, ya fito sau uku, kowanne da layuka barkatai. Wanda ƙararrawa ta tasa da tsakar dare zai zaci abu uku ne suka lalace, in kuwa ƙararrawar layukan ERROR take ƙirgawa, to ita ma ta yi ƙarya ninki uku.

Wanda ya fi muni shi ne throw new RuntimeException(e.getMessage()). Nan an ɗauki saƙon, an yar da asalin tangarɗar da layin da ta faru. Tun Java 1.4 a 2002 ake iya miƙa e ɗin kanta, wato tangarɗar da aka cafke, a matsayin musabbabi, sai "Caused by" ya fito a ƙasa. Fiye da shekara 20 ke nan, amma har gobe ana mantawa. Haka a SLF4J, kayan aikin rubuta rajista a Java: in ka manna e.getMessage() a jikin rubutu, sawun ya tafi, wani lokaci ma "null" kawai za ka gani. In ka sa e a ƙarshen abin da ka miƙa wa log.error, komai zai fito.

Akwai masu cewa laifin Java ne tun 1996, da ta zo da tangarɗa ta dole irin IOException, wadda ba za a harhaɗa manhaja ba sai an cafke ta ko an ayyana ta da throws. Wai ga harsunan C# da Kotlin sun yi watsi da ita suna zaune lafiya. Sai dai mai yar da musabbabi a Java zai yar da shi a Kotlin ma. Gaskiya ne lambda ta Java 8, wato gajeren aikin da ake rubutawa ba suna, ba ta jituwa da tangarɗa ta dole, shi ya sa aka ƙaro UncheckedIOException a 2014. Amma Rust, harshen da ake ta yabo, ina ta sa kuskure? Cikin Result, a fili, inda mai kiran aikin ba zai ce bai gani ba. Tunanin ɗaya ne, riga aka sauya.

Bambancin nan kuwa yana iya cin kuɗi. A Spring, tsarin da ake gina manhajojin Java a kai, alamar @Transactional tana warware abin da aka yi a rumbu ne idan tangarɗar sakakkiya ce, wato RuntimeException ko Error. Idan ta dole ce, sai ta tabbatar da cinikin, sai dai in an sa rollbackFor. Ke nan an cire kuɗi daga asusu na farko, IOException ta faɗo kafin a zuba a na biyu, rumbu kuma ya ajiye rabin aikin. Wanda ya cafke ya rubuta a rajista ya yi gum, shi ma sakamakonsa ke nan, domin Spring ba ta ga komai ya fito ba.

Gyaran ba shi da wani tsawo. In za ka iya magance tangarɗa a inda kake, ka magance ka rubuta. In ba za ka iya ba, ka ƙara mata bayani, kamar lambar ciniki, ka jefa tare da musabbabinta, ka bar wuri ɗaya a bakin iyaka, irin @ControllerAdvice ta Spring, ya rubuta sau ɗaya. Sannan a daina haɗiye InterruptedException, tangarɗar da ke nuna an nemi zare, wato layin aiki ɗaya a cikin manhaja, ya tsaya: in ba za a jefa ta ba, a kira Thread.currentThread().interrupt(), in ba haka ba za a ba manhaja umarnin tsayawa, zaren ya ci gaba da aikinsa kamar ba da shi ake ba.