Ga Wanda Kunya Ta Hana Shi Shiga Sujada

'Yan'uwana matasa, akwai maganar da nake yawan ji a bakinmu: "Bari in gyara halina tukuna, sannan in koma wurin Allah." Don Allah ku bar ta. Ni ta cinye mini shekara biyu.

Ni ne ma'ajin zumuntar matasa a ikilisiyarmu a nan Gombe a lokacin. Kuɗin taron ƙarshen shekara na hannuna, sai na ɗebi kaɗan na zuba a cacar ƙwallo ta waya, wai zan mayar kafin kowa ya sani. Kaɗan ya zama rabi, rabi ya zama duka. Da asiri ya tonu dattawa suka sa ni ƙarƙashin horo, kuma daidai suka yi. Amma hukuncin da na yanke wa kaina ya fi nasu tsanani, don na ƙudurta a raina cewa Allah ya gama da ni. Ran Lahadi sai in sa kayan sujada don kada mahaifiyata ta yi magana, in hau Keke daga Tumfure, in sauka in zauna a bencin mai shayi tsallaken titi. Ina jiyo zumuntar mata suna buga tulu suna waƙa, shayi na hucewa a hannuna. Addu'a ma na daina. A ganina bakin da ya yi wa dattawa ƙarya bai isa ya ambaci sunan Yesu ba.

Wata Lahadi wata tsohuwa ta makara, ta hango ni, ta tsallako da sandarta.

"Ɗana, me kake yi a nan?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Mama, ban cancanci shiga ba."

Ta ce, "Mu da ke ciki, wa ya gaya maka cancanta ce ta shigar da mu? Tashi." Ta kama hannun rigata, ba ta sake ba har bencin baya.

Ku buɗe Luka sura 19 ku dubi Zakka, shugaban masu karɓar haraji a Yariko, wanda ya yi arziki da gumin talakawa. Ku lura da abin da ya fara faruwa. Yana kan itace Yesu ya kira shi da sunansa, ya ce a gidansa zai sauka, jama'a na ta gunaguni. Sai bayan haka Zakka ya miƙe ya yi alkawarin ba matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa wanda ya cuta ninki huɗu. Karɓa ce ta riga, gyara ya biyo baya. Mu kuwa mun juya abin, muna so mu biya kafin a karɓe mu. Romawa 5:8 ta ce tun muna masu zunubi Almasihu ya mutu dominmu. Ko a bakin Bahaushe ai abin da ka yi wa aiki lada ne ko albashi. Alheri kuwa shi ne wanda aka yi maka ba ka bin kowa bashi, abin da Afisawa 2:8-9 ke faɗa ke nan.

Kada wani ya ce na ba shi lasisin ɓarna. Kuɗin nan ina biyansu duk wata daga ɗinkin da nake yi, na kuma tsaya gaban matasa na roƙi gafara, gwiwata na rawa. Sai dai ƙarfin yin hakan ban same shi a wurin mai shayi ba, sai da na dawo ciki.

Ku kuma da ba ku taɓa faɗuwa a bainar jama'a ba, ku ji tsoron Allah da idanunku. Yarinyar da ta yi ciki, saurayin da ƙwaya ta kama, in sun yi ta maza sun shigo, kallo ɗaya da raɗa ɗaya sun isa su mayar da su titi. Hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Lahadin da ta wuce na leƙa ta taga, na hango wani yaro zaune daidai inda nake zama, Littafi Mai Tsarki a cikin leda a kan cinyarsa. Kafin a tashi ya tafi. Wannan Lahadin zan fito da wuri in sha shayi tare da shi.