Dokar ta-ɓaci: Ya kamata Kotun Ƙoli ta daina zuwa a makare

Ranar 18 ga Maris, 2025, Shugaba Tinubu ya ayyana dokar ta-ɓaci a Jihar Ribas, ya dakatar da Gwamna Siminalayi Fubara da mataimakiyarsa da majalisar dokokin jihar na wata shida, ya ɗora Ibok-Ete Ibas, tsohon hafsan sojin ruwa, a matsayin kantoma. Gwamnonin PDP suka garzaya Kotun Ƙoli. Wata shida suka cika, Fubara ya koma ofis a Satumba, kotu ba ta ce uffan ba sai a Disamba. Ihu bayan hari ke nan.

Sashe na 305 na kundin tsarin mulkin 1999 ya bai wa shugaban ƙasa ikon ayyana dokar, amma ya gindaya sharaɗi: sai kashi biyu bisa uku na dukkan 'yan kowace majalisa a tarayya sun amince. A batun Ribas, da murya aka kaɗa ƙuri'ar. Ta yaya kunne zai ƙirga kashi biyu bisa uku? Wannan tambaya ce da ta cancanci amsa cikin mako guda, tun kantoma bai fara taɓa baitulmalin jiha ba.

Abin da ya fi damuna shi ne mun taɓa gani. A Mayun 2004, bayan rikicin Yelwan Shendam, Obasanjo ya dakatar da Gwamna Joshua Dariye a Filato, ya kawo Janar Chris Alli a matsayin kantoma. Sai a 2006 Kotun Ƙoli ta waiwayi ƙarar da aka shigar kan dakatarwar, ta kore ta bisa dalilin cewa kantoman bai ba da izinin shigar da ita da sunan jihar ba. Wato wanda ake ƙalubalantar naɗinsa shi ne mai riƙe da makullin ƙofar kotu.

Masu cewa tsaro ba ya jiran alƙali suna da hujja, ban musa ba. Amma a 2013, ana tsakiyar wutar Boko Haram, Jonathan ya sa dokar a Borno da Yobe da Adamawa, ya bar gwamnoni a kujerunsu, sojoji kuma suka shiga aiki.

Ya kamata majalisa ta gyara kundin, ta yanka wa Kotun Ƙoli wa'adin sauraron irin wannan ƙara, kamar yadda aka yi wa shari'ar zaɓe kwana 180 a kotun farko. A nan kwana talatin sun isa.