Ranar Sallah a gidan zu na Kumasi kunya nake ji

Maganar nan ta daɗe tana cin raina. Yau zan amayar da ita, wanda zai ji haushi ya ji.

Wata tara ke nan duk Asabar ina zuwa gidan zu na Kumasi ina taya ma'aikata aiki, ko sisi ba a biya na. Wanda duk na gaya wa a Aboabo sai ya yi dariya. Wani abokina cewa ya yi, "Kai Bature ne? Mutane na fama da tsadar shinkafa, kai kana can kana wanke wa biri kwano." Ban yi fushi ba, don ni ma a da haka nake ganin abin. Hotunan da muke gani a Facebook na 'yan matan Turai ne rungume da ɗan biri, shi ya sa muka ɗauka aikin sa kai a wajen dabbobi shagalin masu kuɗi ne.

Ni dai ban taɓa rungumar komai ba, ba ma a barin ɗan sa kai ya taɓa dabba. Da sassafe ake farawa, a yanka ayaba da gwanda da kankana, a tura baro, a share, a wanke kwamin ruwa har gansakuka ta fita. Warin da ke bin rigarka ko a cikin mota sai an waiwayo an dube ka. Dattijon da aka haɗa ni da shi, ranar farko ya hana ni sa tsintsiya. Ya tsuguna ya nuna mini kashin birin da ragowar abincin jiya, ya ce, "Ɗana, duba tukuna kafin ka share. Dabba ba ta cewa cikina na ciwo, a nan take faɗa." Na ce, "To, Baba." Shi ne kuma ya koya mini cusa gyaɗa cikin guntun gora a toshe da ganye, don biri ya sha wahala kafin ya ci. A daji yini yake yi yana neman abinci. In ka zuba masa a kwano ya cinye nan take, sauran yinin sai zirga-zirga da tsigar gashin jikinsa.

Wurin nan tun 1957 aka buɗe shi, shekarar da Ghana ta sami 'yanci, kuma Majalisar Asanteman ce ta kafa shi. Da aka tashi gidan zu na Accra a 2006 don gina fadar shugaban ƙasa, nan aka kwaso dabbobi da yawa. Yanzu ga kasuwar Kejetia a jikinsa, hon ɗin motoci da lasifikar masu talla daga safe har dare. Da wannan hayaniyar dabbobin suke kwana suke tashi. Sai kuma mu zo ranar Sallah mu ƙara musu da tamu.

Sallar da ta wuce ina wurin. Yaranmu ne fal, daga Asawase, Sabon Zango, Alabar, kowa da sabon ɗinki, gwanin sha'awa. Amma abin da idona ya gani! Zaki na barci, samari na jifan sa da ledar ruwa wai sai ya tashi ya yi ruri su ɗauka a waya. Wata baiwar Allah da goyonta tana miƙa wa biri biskit da ledarsa. Leda in ta shiga cikin dabba ba ta narkewa, toshe hanji take yi. Wani kuma ya ɗora yaronsa a kan shinge don hoto ya yi kyau, kamar bai ji labarin mutumin da ya tsallaka wajen zakuna a sabon gidan zu na Accra a watan Agustan 2022 suka kashe shi ba.

Ma'aikata na ta magana da Twi da Turanci. Yaranmu sun ji sarai, wa aka haifa a Kumasi bai jin Twi? Sai dai ta bayan kunne take bi, sun ɗauke ta faɗan ma'aikaci, a ja baya kaɗan, yana juyawa a dawo. Ina tsaye da tsintsiyata na ga wani yaro, bai fi shekara goma ba, ya ɗaga dutse zai jefi kada. Na ce, "Kai! Ɗan gidan wa ne kai? Ajiye dutsen nan." Sai ya sandare. Bai zaci mai sharar nan Bahaushe ba ne. Ya saki dutsen ya ce, "Yaya, ai so nake in ga ko yana da rai." Na ce ya zo ya tsaya kusa da ni ya zuba wa maƙogwaron kadan ido. Da ya ga yana motsi a hankali sai ya kira abokansa yana nuna musu, shi ne ma ya koma mai hana su jifa.

Tun ranar na san abin da ɗan Zango zai iya yi a wurin nan wanda Baturiyar da ta biya kuɗin jirgi ba za ta iya ba. Ita tana da karatun dabbobi. Mu ne za mu iya tsawata wa yaronmu da harshen da uwarsa ke tsawata masa.

Kuma a faɗi gaskiya komai ɗacinta, wasu dabbobin daga gidaje irin namu suke ƙarewa a keji. A sayi ɗan biri a ɗaura masa sarƙa a ƙugu, yana ƙarami ana wasa da shi, ya girma ya fara cizo a rasa yadda za a yi da shi. Mai sayarwa ba zai gaya maka ba, amma uwar biri ba ta sakin ɗanta da rai, yawanci harbe ta ake yi. Aku mai jan wutsiya da Alhazai ke so a tsakar gida, bincike ya nuna Ghana ta rasa kashi 90 zuwa 99 cikin ɗari na irinsa tun daga 1992. Ungulu fa? Muna yara ko'ina a mahauta suke, kora ake yi. Yaushe rabonka da ganin goma a wuri ɗaya? Tun 2015 aka sa irin tamu cikin tsuntsayen da ke dab da ƙarewa, amma har yanzu kanta na nan a busashe a shimfiɗar wasu masu magani, kuma mun san masu saye. Ko dokar hana farauta daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba, lokacin da namun daji ke ciki da shayarwa, mutum nawa ne cikinmu suka san da ita?

Duk mun ji hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta kulle, ba ta ba ta abinci ba, ba ta sake ta ta nema ba. Mun ji na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare. A makarantar allo da Islamiyya muka haddace su, ban san me ya sa suke tsayawa a ƙofar gidan zu ba.

Wani zai ce kejin ma ai zalunci ne. Ni ma raina bai so. Da so samu ne kowa ya je gandun dajin Mole ya ga giwa tana tafiya abinta. Amma birin da ya tashi da sarƙa, bai san itacen da ake ci da wanda ba a ci ba, in ka sake shi a daji ka kashe shi ne. Wanda ke kejin yau dai dole wani ya wanke masa kwano.

Sallah mai zuwa ina neman mutum shida, maza da mata, masu jin Hausa da haƙurin yara. Za mu nemi izini wajen hukumar gidan tun da wuri, kowa ya tsaya gaban keji ɗaya daga azahar zuwa la'asar, ba abin da zai yi sai magana. Mai so ya ajiye mini saƙo. A zo da hula da ruwan sha, kuma kada a sa farin kaya, don jemagun da suka cika itatuwan wurin ba sa duba wanda ke ƙasa.