Yoga ba ta tsayar da farfaɗiyar barin giya

Bidiyon nan da kuke ta turawa, na mutumin da ke cewa a zubar da kwalba yau, a shimfiɗa tabarma a yi yoga (wato motsa jiki na miƙe gaɓoɓi da jan numfashi), a sha jiƙon ganye, wai cikin mako guda an rabu da giya, wallahi ya ɓata min rai. Don Allah ku daina yaɗa shi. Shawarar nan tana iya kashe mutum.

Wanda ya daɗe yana shan giya kullum, ƙwaƙwalwarsa ta riga ta saba. Giya tana danne jijiyoyi, su kuma sai su ƙara ƙaimi don su iya aiki. Ranar da aka yanke ta kwatsam, sai su tashi kamar doki ba linzami. Awa 6 zuwa 24 bayan kurɓar ƙarshe hannu ya fara karkarwa, ko kofin ruwa ba ya riƙuwa, zufa ta jiƙa riga. Cikin kwana 2 farfaɗiya tana iya kada shi. Daga kwana na 2 zuwa na 4 wasu sukan faɗa ruɗewar da likitoci ke kira delirium tremens: zazzaɓi, gane-gane, ya ga ƙwari suna bin bango, ya kasa gane iyalinsa. Wannan tana kisa. Wane irin jan numfashi ne zai tsayar da farfaɗiya?

Shi ya sa ake farawa da asibiti. Can ne ake ba da magani irin su diazepam, ana rage shi a hankali, a haɗa da bitamin B1 don kare ƙwaƙwalwa. Bayan nan akwai naltrexone, wanda Amurka ta amince da shi tun 1994 don rage ƙwaɗayin giya, akwai kuma acamprosate.

Na san za a ce ai wane ya bari ba tare da likita ba. Allah ya tsare shi, mun gode. Wanda ya faɗi ya mutu shi kaɗai a ɗaki ba zai zo ya ba mu labari ba.

Ni ba na gaba da yoga. Idan jiki ya lafa, tana taimaka wa barci, tana rage damuwa, ta cike lokacin da a da ake sha. A yi ta. Amma likita tukuna, jama'a, likita tukuna.

Jiƙe-jiƙen nan kuwa, hantar da giya ta riga ta cinye ita za ku ɗora wa saiwar da ba wanda ya auna? Kava ma, wani tsiro da ake shan jiƙon saiwarsa don kwantar da hankali, an same shi da lalata hanta.

Abin da ya fi ci min rai shi ne iyalai. Kunya ce ke sa su rungumi irin wannan bidiyo, don kar a ga ɗansu a layin asibiti. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce giya ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a 2019. Ba ɗanku ne kaɗai ba. Ku riƙe hannunsa ku kai shi.