Fayil ɗin ɗan fansho ya fi bikin buɗe cibiyar kwamfuta gaggawa

Wata bakwai na yi ina raka ƙanin mahaifina ofishin fansho a kan kuɗinsa na sallama. Shekara 35 ya yi yana koyarwa a firamare. Duk zuwan da muka yi amsar ɗaya ce: ba a ga fayil ba. Yau a ce yana wajen odita, gobe a ce ruwa ya taɓa ɗakin ajiya. A kan teburan ofishin kuwa ga kwamfutoci uku a lulluɓe da leda, ƙura ta hau su. A cikin watannin nan ne kuma aka yanka kyalle aka buɗe sabuwar cibiyar fasahar zamani a babban birnin jihar, da makaɗa da 'yan jarida.

Tun daga lokacin nake ganin kuɗi da kayan aiki ba su ne suka fi yi wa jihohinmu ƙaranci ba. Abin da muka rasa shi ne wanda zai riƙe akalar, ya san me za a fara da shi, kuma ya kasance yana da ikon da zai sa a yi.

Mun daɗe muna farawa. Saminu Turaki, gwamnan Jigawa na lokacin, ya kawo kamfanin sadarwa na Galaxy Dutse da makarantar Informatics Kazaure tun farkon shekarun 2000, lokacin da jihohi da yawa ba su san me ake kira imel ba. An yi masa dariya, amma makarantar Kazaure har yau tana yaye ɗalibai, don tana da malamai da kasafin kuɗi na kowace shekara. A Kano, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ware dogon benen nan na Gidan Ado Bayero ya zama dandalin fasahar sadarwa. Da Kwankwaso ya dawo sai ya mai da shi mazaunin wucin gadi na Jami'ar Northwest a 2012. Jami'a abin alheri ce, ba na ja da wannan. Sai dai abin ya nuna yadda tsarin da ke rataye a wuyan gwamna ɗaya yake bin sa gida ranar da ya sauka.

Kaduna ce ta gwada wata hanya. Daga 2015 gwamnatin Nasiru El-Rufai ta tattara kuɗaɗen ma'aikatu cikin asusun bai-ɗaya, ta kafa hukumar KADGIS da doka don a zuba bayanan filaye a kwamfuta, ta hana karɓar haraji hannu da hannu. Kuɗin shigar jihar da bai kai naira biliyan 15 ba a 2015 ya haura biliyan 50 a 2020. Na san wasu za su ce, ina rusau, ina malaman da aka kora? Tambayoyin suna kan hanya, kuma waɗanda abin ya shafa ba su manta ba. Amma a kan maganar da muke yi, darasin a fili yake: aikin ya tafi ne saboda gwamna da kansa ya tsaya a kai, kuma an fara da wuraren da kuɗi ke zurarewa, wato albashi, haraji da filaye. Babu wanda ke kiran maroƙa don an tantance sunayen ma'aikata, shi ya sa 'yan siyasa ba sa son irin wannan aiki.

Akwai kuma abin da gwamna zai yi da alƙalami kawai. Kamfanonin sadarwa na biyan jiha kuɗi kafin su haƙa rami su binne igiyar intanet. An amince a matakin ƙasa kada kuɗin ya wuce naira 145 a kowace mita. A 2020 Ekiti ta sauko daga naira 4,500 zuwa 145, Kaduna ta yafe shi gaba ɗaya. Jihar da ta nace sai ta tsuga kuɗi tana samun 'yan miliyoyi yau, kamfani kuma ya karkata da igiyarsa wani wuri. Wanda ke biyan bashin shi ne yaron ƙauye da tun 2015 dole ya rubuta JAMB a kwamfuta, alhali bai taɓa danna ta ba sai ranar jarrabawa.

Yanzu dubi wanda ake ɗora wa nauyin harkar fasahar zamani a jiha. Galibi matashi ne da ya yi wa gwamna hidima a Facebook lokacin kamfe, a ba shi muƙamin mai ba da shawara. Ba shi da kasafi, ba ya zama a majalisar zartarwa, babban sakatare ko wayarsa ba lallai ya ɗaga ba. Da yawansu yara ne masu basira, ina tausaya musu, an aike su farauta ba a ba su kare ba. Ainihin aikin kuma yana hannun ɗan kwangila, shi ke riƙe da manhaja, shi ke riƙe da lambobin sirri. In gwamnati ta canza ko biyansa ya tsaya, bayanan ma'aikata da na marasa lafiya su tafi da shi, duk da cewa tun 2023 akwai dokar kare bayanan jama'a a ƙasar nan.

Abin da nake so majalisun jihohi su yi ba mai wuya ba ne. A kafa kujerar mai riƙe akalar fasahar zamani da doka, a ba mai ita wa'adin da ya tsallake zaɓe, ya zauna inda ake yanke shawara. A rubuta cikin kowace kwangila cewa bayanai na jiha ne, kuma sai ɗan kwangila ya koyar da ma'aikatan gwamnati kafin a biya shi cikon kuɗinsa. A sa sola a sakatariyar kowace ƙaramar hukuma kafin a kai kwamfuta, don duk mun ga yadda Arewa ta kwana a duhu fiye da mako guda a Oktoban 2024. Sannan a riƙa bayyana wa jama'a kwana nawa takardar fili ko fayil ɗin fansho ke ɗauka.

Fayil ɗin Baffa ya fito a wata na takwas. Wani dattijon masinja ne ya tuna cewa an taɓa kwashe wasu ɗaure-ɗauren takardu zuwa wani tsohon sito, ya je da tocila ya lalubo shi. Da muka je yi masa godiya ya ce mana shi ma baɗi zai ajiye aiki.