Masu Cewa 'Yan Keken Nan Ba Su Da Aikin Yi

Wato dai har yanzu ana nan ana yi wa yaran nan masu shirin taka keke daga Zariya zuwa Kano don tara wa masu ciwon daji kuɗi dariya a ƙarƙashin hoton da suka ɗauka a Kwangila ta Zariya. "Zaman banza ne." "Su ba da kuɗin mana kawai." Madalla da masu hikima! To ku da kuke da aikin yi, nawa kuka bayar?

Gumi ne yake buɗe aljihun mutane, shi ke nan maganar. Ka rubuta lambar asusu ka ce a taimaki masu ciwon daji, za a danna maka addu'a a wuce. Amma ka ce za ka taka keke daga Zariya zuwa Kano, wajen kilomita 160, nan take abokinka zai ce in ka kai zai biya. Mutum 50 su yi alkawarin naira 100 a kan kowace kilomita, ka lissafa, naira 800,000 ke nan daga ƙafar mutum ɗaya. Takarda ba ta jawo wannan, gumi ne.

Kuma ku je asibitin koyarwa na ABU da ke Shika ku ga inda kuɗin yake tafiya. Allurar kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin daji, sau da yawa duk sati 3 ake komawa, kafin kowace sai an gwada jini. Gashi da na'ura kuwa kwana 5 a sati ne, makonni a jere. Wanda ya taso daga Giwa ko Funtuwa ga kuɗin mota, ga abinci, ga mai jinya da ya bar sana'arsa. Da yawa ba maganin ne yake fara gagararsu ba, zirga-zirgar ce. Sai a daina zuwa a tsakiya, a koma gida ana cewa ai daji ba ya son allura. Wannan maganar ta ci mana iyaye mata da yawa, wallahi. Duk inda ayarin ya tsaya shan ruwa, Tashar Yari ko Kwanar Ɗangora, jama'a sai sun taru sun tambayi dalili, a nan ake gaya musu ƙullutu a mama ba abin ɓoyewa ba ne, kuma tun Oktoba 2023 Najeriya ta fara yi wa 'yan mata masu shekara 9 zuwa 14 rigakafin sankarar bakin mahaifa.

Wai neman suna ne. To sai me? Niyya tana wurin Allah, kuɗin yana wurin mara lafiya.

Wanda yake ganin wasa ne ya gwada. In ana tafiyar kilomita 20 a awa, awa 8 ke nan a kan sirdi, ban da hutu da salla. Mutum yana bukatar atisayen sati 8 zuwa 10, yana ƙara nisa kaɗan-kaɗan, sai ya iya Zariya zuwa Kaduna, wajen kilomita 80, ba tare da ya kwanta washegari ba. Ruwa rabin lita ko fi duk awa, wani a haɗa shi da gishiri da sukari: lita 1, ƙaramin cokali 6 na sukari, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Dabino ko ayaba duk minti 45, tun kafin yunwa ta zo, don in ta zo ƙafa ta riga ta mutu. Sirdi ya yi ƙasa, gwiwa ce za ta biya. Iskar taya ta yi kaɗan, ramin farko zai matse tib da bakin gargare ya huda shi wuri biyu. Sai tib 2 na ajiya, faci, famfo, hular kwano, da motar rakiya a baya, kuma a sanar da jami'an kiyaye haɗurra tun kafin ranar.

Duk wannan wahalar, mai zaman banza ne zai ɗauka?

Ku kuma masu shiryawa, don Allah in kuna nufin 4 ga Fabrairu saboda ranar ciwon daji ta duniya, ku tuna hunturu ne. Iskar daga arewa maso gabas take kaɗowa, mai nufar Kano da ita zai yi ta karo har Kura. Ku ɗora kekunan a mota zuwa Kano, ku tako zuwa gida, iska tana tura ku.