Rufe asusun renon yara ba ya kama ɓarawo

Tun da ma'aikatar lafiya ta Amurka ta sanar a ƙarshen Disambar 2025 cewa ta dakatar da kuɗin tallafin renon yara na jihar Minnesota bisa zargin zamba a gidajen reno, wasu ke ta tafi, wai an taka wa ɓarayi birki. Ni dai ban ga abin tafi ba. Wanda ya kwashi kuɗi ya riga ya kwashe. Wadda abin zai faɗa wa ita ce matar da ke fita aiki da asuba, ba ta da inda za ta bar ɗanta.

Zambar nan tsohuwa ce, kuma an san yadda ake yin ta. Mai gidan reno zai rubuta sunayen yara, ya ba iyayensu ɗan kaso, ya riƙa karɓar kuɗin kula da yaran da ba su taɓa taka ƙofarsa ba. A jihar Wisconsin, tun 2009 jaridar Milwaukee Journal Sentinel ta bankaɗo yadda ake ƙirƙiro wa iyaye ayyukan bogi don su cancanci tallafin, har binciken ya ci babbar kyautar aikin jarida ta Pulitzer a 2010. Abin da ya tona asirin shi ne bin takardu da zuwa wurin a gani da ido.

Masu cewa shirin gaba ɗaya ruɓaɓɓe ne su koma su duba lissafi. A 2019 mai binciken kuɗi na majalisar dokokin Minnesota ya bi zargin cewa ana sace dala miliyan 100 duk shekara, bai samu hujjar wannan adadi ba. Abin da aka tabbatar a kotu bai wuce dala miliyan 5 zuwa 6 ba cikin shekaru da dama. Sai dai rahoton bai wanke jihar ba: ya ce satar ta fi abin da aka kama, sa ido kuma ya yi rauni. Wannan ɓangaren ne 'yan siyasa ba sa son karantawa, domin ɗaukar masu bincike aiki yana cin kuɗi, kuma ba ya jan hankali a talabijin.

Masu cewa duk batun ƙiyayya ce ga Somaliyawan jihar, waɗanda zargin ya fi shafa, su ma ba su taimaki kowa ba, tunda kotu ta ɗaure mutane da hujja.

A kai ziyarar ba-zata, a ƙirga kawunan yara, a gwada da takardar neman biya. Iyaye su riƙa sa hannu ta na'ura safe da yamma. Wanda aka kama ya amayar da abin da ya ci, kada kuma a bari ya sake buɗe wani gidan da sunan ƙaninsa.